Laya a Wutsiyar Jirgi

Damina ce, kuma ba mai daɗi ba. Ruwa ya yi ta zuba a Nima har babbar kwata ta cika ta tumbatsa, ta kwaso shara ta shigo mana da ita tsakar gida. Bango ya jiƙe ya yi baƙi daga ƙasa, tabarma ba ta bushewa, gawayi ba ya kamawa sai hannu ya gaji da fifita. Shekarar gaba ɗaya haka ta zauna mini a rai, da danshi da nauyi. Gero ya yi tsada, mai ya yi tsada. Masu sayen koko da ƙosai a wurina suka koma shan koko zalla, suna cewa ƙosan sai gobe. Samarin layinmu kuwa sai ɓacewa suke ɗaya bayan ɗaya. Za a wayi gari a ji an ce wane ya bi ta Agadas, zai ƙetare hamada ya shiga Libiya, daga can in da rabo ya hau ruwa.

Ɗana na fari, wanda ba na kiran sunansa a baki balle in rubuta shi, yana gyaran waya da rediyo a wata 'yar rumfa a bakin titi. Mahaifinsa ya rasu tun yana sakandare. Mu uku muka rage a ɗaki da falo, a gidan haya mai mutane da yawa: ni, da shi, da kakarsa, uwar mijina. A farkon daminar nan hukuma ta zo ta shafa jan fenti a jikin rumfunan bakin titi, har da tasa, alamar za a rushe. Da yammar ranar yana cin tuwo, bai ɗago kai ba, ya ce mini shi ma yana son ya bi hanya.

Ban yi kuka ba, ban yi faɗa ba. Na ce masa, "To jirgin fa?"

Sai in yi bayanin jirgin. Nima ba ta da nisa da filin jirgi. Duk wanda ya tashi a nan ya saba da ƙararsu, har ba ma jin ta. Shi ne bai taɓa sabawa ba. Tun yana ƙarami, in jirgi ya wuce sai ya saki abin da ke hannunsa ya ɗaga kai. Da ya girma ya samu waya mai nuna hotuna, sai ya koyi yadda ake ƙera ƙananan jirage, irin waɗanda mutum ke tsayawa a ƙasa yana juya su da rimot. Nasa ba mai inji ba ne. Ya ce mini irin wannan iska kawai yake hawa, yadda shirwa ke shawagi a saman kasuwa ba ta kaɗa fiffike. Da farin soson nan mai tauri da ake sako firji da talabijin a ciki yake yi. Yakan bi shagunan masu sayar da kayan wuta ya roƙo shi, ya yanka da wata siririyar waya da yake zafafawa da batir, ya goge, ya manna. Ƙananan ya yi da yawa, duk sun karye. Babban kuwa kusan shekara biyu yana kansa. Fiffikensa ya fi ni tsawo. A saman falo yake rataye shi da igiya, in an yi dumso an ɗauke wuta, sai ka ga abu fari yana lilo a kanka.

Akwai wasu mutane da ke taruwa ranar Asabar a wani fili can bayan Tema suna tashin irin waɗannan jirage. A cikinsu akwai wani dattijo, ɗan ƙabilar Ga, wanda ya yi aikin gyaran jirgin gaske har ya yi ritaya. Kowa Papa yake ce masa. Yana da wurin gyara a Kokomlemle, inda ake kawo masa 'yan jiragen da ke feshin magani a gonaki, kuma yana neman mutum ɗaya da zai koya wa aiki ya riƙe. Ɗana ya je ya same shi. Papa ya ce shi ba ya duba takardar makaranta. Ya kawo abin da ya ƙera da hannunsa, ya tashe shi, ya sauke shi lafiya a gabansa. In ya yi haka, aiki nasa ne.

Shi ya sa na tambaye shi jirgin. Ya juya lomar tuwo a cikin miya, sannan ya ce, "Mma, mu yi magana ɗaya. In ya tashi ya sauka, na zauna, ba za ki sake jin zancen hanya a bakina ba. In bai yi ba, ki sa mini albarka in tafi. Ba na son in gudu kamar sauran."

Na ce na yarda. Na yarda ne don na ga yadda yake aikin. Ban taɓa ganin mutum mai natsuwa a kan abu kamarsa ba.

Abin da ya fi ɗaukar masa lokaci shi ne daidaita nauyi. Ya ɗiga alama biyu da biro a ƙarƙashin fiffike. Sai ya ɗora jirgin a kan yatsu biyu daidai wurin alamar, ya saki ɗaya hannun, ya tsaya ko numfashi ba ya yi. In hanci ya yi sama, sai ya ƙara ɗan noti a cikin hancin. In ya yi ƙasa da yawa, ya cire ya sa ƙarami. Wata rana na ga ya ɓare salatif ɗin da ya naɗa a wutsiya, ya rage shi, ya mayar. Na ce, wannan ɗan abin me zai yi?

Ya ce, "Mma, wutsiya nesa take. Abin da aka ɗora mata, ko bai kai ɓarin goro ba, sai ya rinjayi hanci. Jirgi mai nauyin hanci yana tashi da ƙyar. Mai nauyin wutsiya kuwa ba ya jin maganar kowa."

Kaka tana zaune a wurin lokacin da ya faɗa, amma kunnenta ya yi nauyi, kuma ko ta ji, maganar yara ce a wurinta. Ita wasa ne tsakaninta da shi, irin na kaka da jika.

"Angona, wannan zakaran naka yaushe za a yanka? Na gaji da ganinsa a rataye."

"Tsohuwa, ki bari ya tashi. Ke zan fara ɗauka in kai Makka, in baro ki can in huta."

"Ka sai mini zane tukuna, matsiyaci. Mijina na fari mota gare shi ta gaske, mai taya, ba soson firji ba."

"Motar da ake turawa kafin ta tashi?"

"Ko an tura ai ta kai Bawku."

Mijin nata, kakan ɗana, direban babbar mota ne, yana ɗaukar goro daga Kumasi zuwa arewa. Ta sha ba mu labarin cewa duk motar da ya karɓa, sai ta sa an yi laya ta ɗaure ta a baya, can ƙarƙashin bodi kusa da fitila. Hujjarta ita ce gaba akwai idon direba, baya ne ba shi da mai tsaro. Ya yi tuƙi har ya tsufa motarsa ba ta taɓa faɗuwa ba. Tun daga nan duk abin da zai bar gida ya shiga hanya sai ta yi masa haka. Keken mijina ta ɗaura masa a ƙarƙashin sirdi. Teburin kokona ma, in ka leƙa ƙafarsa ta baya, akwai tata a ƙulle. Kuma ba ta faɗa sai bayan an je an dawo, wai in an faɗa tsarin ya karye.

Ni da na san duk wannan, ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa a idon Kaka jirgin nan ma matafiyi ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ɗora shi a yatsu na ƙarshe. Ya zauna daram, hancin ya ɗan sunkuya kaɗan yadda yake so. Ya cire fiffiken, ya naɗe kowanne a tsohon zanena, ya jingine a lungu. Da asubar Asabar ya tafi salla, ni kuma ina waje ina zuba mana wake da shinkafa a kula. A wannan tsakanin Kaka ta shiga falo. Akwai wata 'yar ƙofa kusa da wutsiya inda wayoyi ke bi, an rufe ta da salatif. Ta ɓare, ta tura laya ciki da ɗan yatsa har ta shige can ƙurya, ta mayar da salatif ta shafe, ta naɗe zanen yadda ta same shi. Layar ƙarama ce, an ɗinke ta da jar fata, kuma ta haɗa mata wani zoben ƙarfe daga tsohon makullin motar mijinta. Duk wannan daga baya na ji, daga bakinta. A lokacin ba wanda ya sani sai ita.

Ban fita sana'a ba ranar. Na ce zan bi shi in gani da idona. A trotro, motar haya, ni na riƙe fiffiken, ya ratsa daga cinyata har ya leƙa ta taga. Kwandasta ya ce sai dai fiffiken ya biya kujera. Wata mata mai kwandon kifi ta tambaya da yaren Twi ko zai kai ta London, wani daga baya ya ce, "Cale, abokai, ku gyara wa matuƙi wuri." Ɗana yana murmushi, amma na ga gumi a goshinsa alhali garin da sanyi. Muka sauka, muka hau wata motar, muka sauka, muka taka.

Fili ne mai faɗi, ciyawa ta yi kore shar, ga itatuwan darbejiya jefi-jefi, shanu can nesa. Tun da aka haife ni ban taɓa tsayawa a wurin da ido ke tafiya haka ba bango ba. Mutanen sun zo da motocinsu, sun buɗe baya sun fito da jirage masu sheƙi, 'yan kanti, wasu da inji suna kuka kamar zirnaƙo. Na shimfiɗa ɗankwali a gefe na zauna da kulata. Papa dogo ne siriri, kansa fari fat. Ya zo ya gaishe ni da yaren Ga, ya ce, "Mami, sannu da hanya," ya zagaya jirgin ɗana yana shafa fiffiken da bayan hannu. Na ga ya gyaɗa kai.

Hadari kuwa ya riga ya haɗo daga wajen teku, baƙi ƙirin. Papa ya dubi sama ya ce a yi sauri. Wani saurayi daga Tema, wanda shi ma aikin yake nema, ya riga ya tashi nasa ya sauke. Ɗana ya durƙusa ya ɗaure fiffiken da robar da ya yanko daga tsohon tub na babur. Ya kunna rimot, ya motsa sanda, wutsiya ta amsa dama da hagu, sama da ƙasa. Na ga ya ɗaga jirgin ya fara kai yatsunsa ƙarƙashin fiffike, yadda na saba gani a falo. Sai masu jan roba suka ƙwala masa kira. Irin wannan jirgin da doguwar roba da igiya ake harba shi sama, sun riga sun ja ta ta miƙe, iska kuma ta juyo daidai, ga ɗigon ruwa ya fara. Ya sauke hannun ya ruga.

Ya tashi. Wannan dai ba wanda zai ƙwace mana shi. Ya miƙe sama fari tas a gaban baƙin hadarin, igiya tana fito a iska, har sai da na miƙe tsaye ban sani ba. Ya kai ƙarshen igiya ya sake ta. Na ji wani a cikin mutanen ya tafa.

Sai hancin ya ɗaga. Ya ɗaga, ya ƙara ɗagawa, kamar dokin da aka ja wa linzami, har jirgin ya tsaya cak a sama. Sannan ya kifo. Ɗana ya taro shi, ya miƙe, hancin ya sake ɗagawa fiye da na farko. Haka ya yi ta yi, sama da ƙasa, kowane kifowa ya fi na baya zurfi. Ina jin ɗana yana cewa, "A'a, a'a, zauna, zauna," a hankali, yadda ake lallashin yaro. Daga ƙarshe fiffike ɗaya ya karkata, jirgin ya juya kamar ganyen da ya faɗo daga bishiya, ya caki ƙasa can tsakiyar ciyawa. Ƙarar ma ba ta da yawa. Kamar an taka ƙwarya.

Shi ya fara isa, da gudu. Ni na bi bayansa, sauran mutanen kuwa suna tafe a hankali don sun saba ganin haka. Hancin ya niƙe, fiffiken ya rabu biyu, jikin ya tsage daga tsakiya har wutsiya. A cikin ciyawa, kusa da tsagar, ga wani abu ja. Ya ɗauka ya juya shi a tafin hannu. Ya ga zoben. Ya ɗago ya dube ni, na girgiza kai, shi ma ya san ba ni ba ce. Ya waiwaya ya ga mutanen sun kusa. Ya dunƙule hannu ya sa a aljihu.

Papa ya tsuguna ya ɗaga abin da ya rage, ya duba ciki. Da Turanci ya yi magana, amma ajin manya da na shiga na koyi karatu ya ba ni abin da zan gane da shi.

"Wutsiya ta yi nauyi. Ka ɗora shi a yatsa kafin ka sake shi?"

"Jiya na ɗora, yallaɓai."

"Jiya," in ji Papa. Ya ajiye tarkacen a hankali. "Aikin hannunka yana da kyau. Amma jiya ba yau ba ce."

Na buɗe baki zan yi magana, ɗana ya taɓa mini hannu. Ruwa ya tsuge, kowa ya ruga motarsa. Muka tsaya mu biyu muna tsintar soso a cikin ruwa muna zubawa a buhu, don ya ce bai kamata a bar wa shanun mutane su ci ba.

A trotro ya ce mini, da Hausa, murya ƙasa, "Mma, kar ki faɗa wa su Papa. Ba za su zauna suna shan lemo suna dariyar kakata ba. Za su ce 'yan Zango sun sa wa jirgi laya, kuma har shekara goma za su yi ta ba da labarin." Ya ciro batir da 'yan injinan da ke motsa wutsiya ya sa a jaka. Buhun kuma ya jefa shi a bola a tasha. Abincin da na dafa ko buɗe shi ba mu yi ba.

Kaka tana zaune a bakin ƙofa da carbi, ta lulluɓa da mayafi biyu.

"Angona! Ya tashi?"

"Ya tashi, tsohuwa. Ya kai inda shirwa ke kaiwa."

"To ina yake?"

"Na baro shi can."

"Ai na san zai tashi," ta ce, tana dariya har ana ganin dasashinta. "Kai kana ta fama da noti. Ni na sa masa tsari a baya, irin na kakanka, har da zobensa. Yanzu sai ka yi godiya."

"Ashe ke ce matuƙiyar," ya ce. Ya durƙusa ya riƙe hannunta. "Na gode, amarya."

"Zanena dai."

"Yana nan tafe."

Ya canza riga ya fita masallaci, ko lema bai ɗauka ba. Ni kuma na zauna ina sauraron Kaka tana ba ni labarin yadda ta lallaɓa ta shiga, yadda salatif ɗin ya so ya ba ta wahala. Na ce mata sannu da ƙoƙari. Me zan ce? Tsohuwa ce da ta binne miji da ɗa, abin da ta sani ke nan na kare wanda ya rage mata.

Cikin makon na yi abin da ya hana ni. Bayan na tashi daga koko na wanke hannu na taka zuwa Kokomlemle, ina tambaya har aka nuna mini gidan. A bayan gidan, ƙarƙashin rumfar kwano, akwai jirgi na gaske, ƙarami, tsoho, mai kujera biyu, ba fiffike a jikinsa. Rabin jikin haƙarƙari ne kawai na ƙarfe da katako. Ashe da ƙyalle ake rufe irinsu. Na tarar da Papa da doguwar allura yana ɗinke ƙyallen a jikin haƙarƙarin, ƙulli bayan ƙulli. Ya ce mini jirgin ya girme shi, ya tsinto shi ne yana ruɓewa, kuma ya daɗe yana gyaransa, bai san ko zai ga tashinsa ba. A ɗaya gefen na hango saurayin nan na Tema a kan benci yana kwance wata na'ura. Tun daga nan na san amsar, amma tunda na zo sai na faɗa.

Da Ga na yi masa bayani, irin Ga ɗin kasuwa da nake da shi. Bai yi dariya ba. Ya soke allurar a ƙyalle ya saurare ni har na gama. Ya ce shi ma mahaifiyarsa takan ɓoye masa 'yar takardar addu'a a cikin akwati duk lokacin da zai yi tafiya.

Sannan ya ce, "Mami, na yarda da ke. Amma saboda irin wannan ake dubawa. Ba ka san wanda ya taɓa jirgi bayan ka juya baya ba. Wani da mugunta, wani da ƙauna. In ya zo nan, wata rana abin da zai sa wa hannu mutum ne zai shiga ciki." Ya ce gurbin ya riga ya cika. In ruwa ya ɗauke, ɗana ya ƙera wani ya kawo, zai duba, ko da yake bai yi mini alkawarin komai ba. Ya rako ni har bakin ƙofa.

Na faɗa wa ɗana da yamma, muna tsakar gida ina tsince wake.

"Kin je," ya ce.

"Na je."

"Na roƙe ki."

"Ka roƙe ni. Na je."

Ya kalli waken da nake tsincewa. Sannan ya ce, "Gaskiya ya faɗa. Yatsuna suna wurin, na sauke." Ya ce wani jirgin sai ya sake shekara yana tara soso da kaya, ga rumfa za a rushe, ga ba tabbas. Ya ce abokansa biyu suna jiransa, sun riga sun yi magana da mai kai mutane. Ya matso ya tsuguna a gabana. "Mma, mun yi magana ɗaya."

Na so in ce maganar ba ta ɗaure ni ba, tunda ba aikinsa ne ya gaza ba. Na juya ta a raina ta kowace fuska. Amma na san in na warware, zai tafi duk da haka, ya tafi ba sallama kamar sauran, in rasa shi in rasa amanarsa. Na ce masa na ji.

Bari in faɗa tun yanzu don kada hankalin mai karatu ya tashi: yana raye, alhamdu lillahi. Muryarsa takan zo ta waya daga wata ƙasa mai sanyi, inda yake aikin da ba ya son faɗa mini. Amma ban sake ganinsa da idona ba har yau. Kaka kuma ta rasu bayan tafiyarsa, ba ta taɓa sanin yadda jirgin ya ƙare ba. Ce mata muka yi ya samu aiki a Yamai.

Ranar tafiyar, bayan la'asar, na raka shi tashar da motocin Yamai ke lodi. Ƙasa duk caɓi, ana ta ɗaure buhuna a saman mota. Jakarsa ɗaya, ta goyo. Na ƙulla masa gari da sukari da ƙuli-ƙuli. Da aka fara kiran fasinja ya durƙusa a cikin caɓin nan a gaban mutane, na ɗora hannu a kansa. Na ce Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka, ya sa ka faɗa hannun masu tausayi. Na ce na yafe maka duniya da lahira. Ya ce, "Ki kula da tsohuwa. Ki sai mata zanen, ki ce ni na aiko." Ya shiga. Gilashin motar ya yi raɓa, ban ga inda ya zauna ba. Na tsaya har ta fita daga tasha ta shiga cikin sauran motoci.

Washegari ban ɗora tukunya ba. Na haɗa wa Kaka shayi, na yafa mayafi, na ƙetara titi na shiga unguwar Maamobi. Akwai wata mata a can da 'ya'yanta biyu suka bi wannan hanyar, ban san ta sosai ba sai gaisuwa a wurin suna da makoki. Na yi ta tambaya lungu-lungu har na sami gidan. Na tarar da ita tana wanki a bakin famfo. Na gaishe ta, na ce ɗana ya tashi jiya, na zo ne ta gaya mini a wane gari suke fara kira, da kuma tsawon lokacin da waya ke yin shiru in sun shiga hamada, don in san lokacin da ya kamata in fara jin tsoro. Ta dube ni, ta matse rigar da ke hannunta ta ajiye, ta goge hannu a zane. Ta jawo mini kujera 'yar tsugunne ta ce in zauna tukuna, ta tambaye ni ko na karya. Na ce a'a. Ta raba burodinta biyu ta miƙo mini rabi, ta zauna a kan bokiti, ta fara daga Yamai.